Taraktar Katakon da Muka Haɗa Ni da Ke

Tudun Wada, Minna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Mamana.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya kai ki Jalingo lami lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya, Ya haɗa ki da mutanen kirki a inda za ki sauka.

Na ba Ummanki takardar nan na ce ta cusa miki ita a jaka, kada ki buɗe sai mota ta fita gari. Kin san halina. In na zaunar da ke zan yi miki magana mai nauyi, kafin in kai tsakiya na mayar da ita wasa, ki yi dariya, in yi dariya, mu tashi ba a faɗi komai ba. Tun ranar da aka raɗa miki sunan mahaifiyata bakina bai iya kiran sunanki ba, balle ya iya yi miki faɗa. To, yau na ajiye almakashi na ɗauki biro.

Duk karatunki a Minna kika yi shi, kullum a gida kike kwana. Yanzu ga shi kin zama injiniyar injinan noma, an kira ki aiki a garin da ni kaina ban taɓa takawa ba. Na yi ta tunanin abin da tela irina zai gaya wa injiniya. Ban san komai game da aikinki ba. Amma akwai tarakta guda ɗaya da na sani ciki da waje, ita ce wadda muka haɗa da katako ni da ke. Ke abin da kike tunawa shi ne ta yi kyau. Ni kuwa ina tuna duk shirmen da na tafka kafin ta tsaya da ƙafafunta, kuma shi nake so in ba ki guzuri.

Kina aji uku na firamare lokacin. Wata Asabar da hantsi na ɗora ki a kan tankin babur za mu kai ɗinki unguwar Kpakungu. Anko ne na matan zumuntar cocin su Maman Rifkatu, matar abokina Oga Yohanna kafinta. Muna isa shataletale muka tarar hanya ta cushe. Wata tarakta ce ta mutu a tsakiyar titi, direbanta ya shige ƙarƙashinta, ƙafafunsa kawai ake hangowa. 'Yan acaɓa suna ta hon, masu tasi suna ta zage-zage, rana tana dukan kowa. Kowa ransa a ɓace, ban da ke. Kin saki baki kina kallonta kamar an sauko miki da wata.

Kika ja hannun rigata kika ce, "Baba, me ya sa tayoyin baya manya ne, na gaba ƙanana?"

Wallahi ban sani ba. Ban taɓa ma tambayar kaina ba. Amma ga zafi, ga hayaƙi, ga kuma ɗan acaɓan da ke gefenmu ya kasa kunne yana jiran ya ji abin da zan ce. Sai na gyara murya na ce, "Ai na gaban 'ya'ya ne, ba su gama girma ba. In kika dawo baɗi za ki ga sun kamo na bayan."

Ɗan acaɓan ya ƙyalƙyale da dariya. Ke kuwa kika gyaɗa kai, kika adana maganar, don a wurinki abin da Baba ya faɗa ya zauna.

Ba a yi kwanaki ba malaminku ya zo darasin noma ya ce wa ya taɓa ganin tarakta. Kika ɗaga hannu kika zuba musu bayanin tayoyi masu girma. Aka yi ta yi miki dariya har aka tashi. Kika dawo gida kika ƙi cin tuwo, kika zo shago kika tsaya a bakin ƙofa da jakarki a baya. Ba ki yi kuka ba. Cewa kawai kika yi, "Baba, ashe kai ma ba ka sani ba?"

Mamana, da na ce miki "ban sani ba" tun a kan babur, da ba abin da zai ragu a jikina. A wurin aikin da za ki, za a yi miki tambayoyin da ba ki da amsarsu, kuma a gaban mutane za a yi su, wasu ma da gangan. Ki ce ba ki sani ba, za ki bincika. Kunyar ba ta wuce ta ɗan lokaci. Amsar da aka ƙirƙira kuwa tafiya take yi, ta je ta kunyata wanda ya yarda da ke, a inda ba kya nan balle ki kare shi.

Don in wanke kaina a ranar, sai na ce miki, "Zo nan. Za mu yi tamu taraktar da katako, mu gani da idonmu abin da ya sa."

Kika goge hanci kika ce, "Ka iya?"

Kin san abin da na ce? Mutumin da aka kama da ƙarya bai ko huce ba? Na ce, "Haba Mamana! Wanda yake yanka babbar riga, katako ne zai gagare shi?"

Ina da aboki kafinta, amma ban je wurinsa ba. Shekara da shekaru Oga Yohanna yana tsokanata wai aikin tela aikin zaune ne, ni kuma ina ce masa kafinta ba ya rabo da ƙura a gashi. Na ga in na je masa da wannan, na ba shi abin faɗa har tsufanmu. Sai na lallaɓa gidan maƙwabta inda aka sare reshen mangwaro, na roƙi guntaye aka tsaga mini. Ɗanye ne sharaf, har ruwa yake fitarwa. Na ari zarto. Na shimfiɗa takardar buhun siminti a kan teburin yanka, na zana jikin tarakta da alli, gefe-gefe, yadda nake fitar da riga. Kina tsaye a kan benci kina gyara mini: "Baba, hancinta ya fi haka tsawo. Baba, ka manta wurin zaman direba."

Ga inda ta ɓaci. Tela ba ya yanka yadi daidai da awo. Dole ya bar 'yar rara a kowane gefe, wadda ɗinki zai cinye. Hannuna ya saba, ko ban yi niyya ba sai ya bari. Haka na bar wa kowane guntun katako rararsa. Da muka zo haɗawa, ba gefen da ya yarda da ɗan'uwansa. Wannan ya zarce, wancan ya leƙo. Na danna su da ƙusa ta ƙarfi, muka ajiye a rana. Da itacen ya fara bushewa sai ya lanƙwashe, ya tsage daga wurin ƙusoshin. A cikin haka kuma na ɗora katako a gwiwa kamar yadi ina yankawa, zarto ya zame ya gaisa da babban yatsana.

Ummanki ta fito daga kicin da tsumma, ta ɗaure mini yatsa, ta daɗe tana duban abin da muka haɗa. Sannan ta ce, "Malam, wannan akurkin kaji ne, ko dai kujerar tsuguno ce ta yi hatsari?"

Kika yi dariya har kika zauna a ƙasa. Ni ma da na sake dubansa ban iya riƙe tawa ba.

Washegari muka sa shi a buhu muka nufi Kpakungu. Oga Yohanna yana goge wata ƙofa muka isa. Na zazzage masa buhun a kan benci. Ya ɗauki guntu ɗaya ya juya, ya ɗauki wani ya gwada su, ya dube ni.

"Malam Tela, wannan rara da ka bari, wa zai ɗinke shi?"

Ya yi dariya har ya dafa bango, ya kira Maman Rifkatu ta zo ta gani, ita ma ta kama ciki. Na tsaya na shanye. Da ya gama ya share hawaye, sai ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin benci cike da guntayen busasshen katakon malaina, ragowar aikinsa. Ya ce, "Me ya hana ka zuwa tun farko? Ga su nan, matata ke hura wuta da su." Ya tsuguna a gabanki. Kin san Hausarsa, mace da namiji duk "ka" ne a wurinsa. Ya ce, "Injiniya, kai ne mai aikin, ko? To zo in nuna maka. Babanka ya je ya zauna."

Shi ya fara kiran ki Injiniya, tun kafin ki san ma'anar kalmar.

Ya nuna miki yadda ake matse katako a benci kafin a sa masa zarto, da yadda ake huda ƙaramin rami kafin ƙusa don kada ya tsage, da yadda ake shafa gam kaɗan ba a yi masa wanka da shi ba. Ni ina gefe Maman Rifkatu ta kawo mini kunun zaƙi da gyaɗa, ina sha ina satar kallo ina koyo.

Abin da nake so ki ɗauka a nan, Mamana: iyawar da kika tafi da ita gaskiya ce, kin sha wuyarta, amma ba ko'ina take aiki yadda kika saba ba. Kowane wuri da yadda yake yankansa. Idan kin isa, ki fara da kallo da tambaya. Za ki tarar da waɗanda suka daɗe a wurin, wasu ba yarenku ɗaya ba, wasu ba addininku ɗaya ba. Ki gaishe su da girmamawa, ki riƙe sallarki, ki kuma karɓi alheri daga hannun da ya miƙo shi. Kuma in za a yi miki dariya don kin tambaya, ki bari a yi. Ni dariyar da na guje wa sai da aka yi mini ita ninki biyu, ga kuma yatsa a ɗaure.

Daga nan aiki ya miƙe. Kullum bayan la'asar, in kin dawo daga Islamiyya, sai mu baje a ƙofar shago. Muka fitar da dogon katakon ƙasanta, muka ɗora mata hanci mai kusurwa huɗu, muka yi kujerar direba da ɗan jingina. Na ciro tsohon ƙwarƙwaron keken ɗinki muka yi sitiyari da shi. Kika samo guntun gora siriri kika ce shi ne salansa, kika kafa shi a tsaye a kan hancin. Fitilu kuwa maɓallai ne farare guda biyu da kika zaɓa da kanki daga cikin gwangwanina, bayan kin zubar da shi gaba ɗaya a ƙasa. Mutane in sun zo karɓar ɗinki sai su manta abin da ya kawo su, su tsaya suna ba da shawara. Wani dattijo da ya yi aikin jirgin ƙasa ya dage sai mun sa mata ƙararrawa. Kika ce masa, "Baba, ai ba jirgi ba ce," ya tafi yana dariya yana sa miki albarka.

Sai aka zo kan tayoyi. Oga Yohanna ya ce a sami abu mai da'ira a zana. Kika sato murfin ƙaramar tukunyar Ummanki don na baya, gwangwanin madara don na gaba. Ranar sai da aka dafa miya a buɗe, ana ta neman murfi. Kika zana, kika yanka da hannunki, harshenki a waje, gumi yana ɗiga daga haɓarki. Da muka zura musu sanda muka tura ta, sai ga tarakta tana ɗingishi. Tayoyin sun fi kama da ƙosai. Ke ko a jikinki. Kina ta tura ta kina tsalle kina cewa, "Tana tafiya! Baba, tana tafiya!"

Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. Mutum ne ni da ba na iya ganin karkataccen ɗinki in ƙyale. Washegari kina makaranta, kuma aiki ya yi sauƙi a shago, sai na ce bari in ɗan gyara miki taya ɗaya. Da na gyara ɗaya sai ta tona asirin sauran. Na cire su duka na yanko sababbi, na goge su da samfefa har suna sheƙi. Daga nan na ga kujerar ma ta karkace, na sake ta. Na ga salansa ya yi tsawo, na rage. Ina yi ina jin daɗi, ina hasko yadda za ki yi murna.

Kika dawo, na ɗauko ta na tura miki ita a kan siminti. Ta tafi sumul, ba ko gargada. Kika bi ta da ido har ta tsaya. Kika sunkuya kika tsince tsofaffin tayoyinki daga cikin ƙyallayen da ke ƙasa, kika zuba su a jakar makaranta. Sannan kika ce, "Taraktarka ta yi kyau, Baba." Kika shige gida.

Da la'asar ba ki fito ba. Washegari ma haka. Na riƙa ajiye ta a inda za ki gani, kina wucewa kamar ba ki san ta ba. Na ce miki fenti ya rage, wane launi kike so? Kika ce duk wanda na ga dama. Wannan ita ce amsar da ta tsorata ni, don ke ba a taɓa tambayar ki ra'ayi kin rasa ba.

Na kai ƙara wurin Ummanki, na ce yarinyar nan ba ta da godiya, na ɓata yini guda ina yi mata aiki. Tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Malam, lokacin da kake koyon ɗinki, in ka yi aljihu ya karkace, maigidanka shi yake farkewa ya ɗinke maka?"

Na ce, "A'a, ni yake ba wa reza in farke da kaina."

Ta ce, "To."

Ta ci gaba da shinkafarta.

Na same ki a bayan gida kina zaune a kan turmi. Na tsuguna, na sa filaya na zare tayoyina a gabanki, na ajiye su gefe. Na ce, "Mamana, na yi miki laifi. Aikinki ne na shiga ba da izininki ba. Ki yi haƙuri."

Kika dube ni ta wutsiyar ido, irin kallon da mai sunanki take yi mini in na yi ɓarna ina yaro. Kika ce, "Da sharaɗi."

Na ce, "Faɗi."

"Kai ka riƙe, ni in yanka."

Haka aka yi. Na zama ɗan riƙo. Kika sake yanka tayoyin, ba su yi ba, kika sake. Hannuna yana ƙaiƙayi, na cusa shi a aljihu. Kika gano da kanki cewa in kika zura duka biyun a sanda ɗaya kika goge su tare, za su fito daidai da juna. Ni ban yi wannan tunanin ba. Ranar da ta tafi sumul da tayoyinki, ihun da kika yi sai da tantabarun maƙwabta suka tashi.

Wannan ita ce wadda na fi so ki riƙe, kuma fuska biyu gare ta. A garejin da za ki, maza ne za su fi yawa. Wani zai ga kina kokawa da ƙarfe ya ce, "Kawo in yi miki." Wataƙila da zuciya ɗaya ya faɗa, kamar yadda ni ma na yi. Ki yi masa godiya, ki ce ya riƙe miki. Kada ki saki abin aikinki. Sannan wata rana ke ce za ki zama babba, a kawo miki masu koyo. Za ki ga suna ɓata abin da za ki gama cikin ƙiftawar ido. Ki sa hannunki a aljihu. Da kyar na tsira daga kashe miki sha'awar abin da yau ya zama sana'arki, kuma da sunan taimako na so in yi.

Amsar tambayarki ta hanyar Kpakungu ma ke kika samo mana ita. An yi ruwa, ƙasar bayan gida ta yi laushi. Kika ce bari ki gwada, kika mayar da ƙananan tayoyi baya, kika ɗora mata dutse a kujera kika ja ta da igiya. Ta nutse ta cije. Kika mayar da manyan, ta haye ta wuce. Kika rugo shago ƙafafunki duk taɓo, kika taka mini shaddar mutane da ke shimfiɗe, kina cewa, "Don kada ta nutse ne! Na gaban kuma don ta iya juyawa!" Na ce, "To, ga shi yau na sani." Shaddar dai sai da aka kai ta wanki, amma ban yi miki faɗa ba.

Da aka zo fenti, kika zaɓi ja. Oga Yohanna ya ba mu ragowar fenti a ɗan gwangwani, ya ce a bari ya bushe sosai. Ba mu bari ba, mu biyun duka. Har yanzu shatin yatsanki yana nan a gefen hancinta, nawa kuma a kan kujera. Wannan laifin raba shi za mu yi.

Sai kika ce tarakta ba garma ai mota ce kawai. Kika fasa gwangwanin tumatir, Oga Yohanna ya lanƙwashe miki bakinsa don kada ya yanke ki, kika ɗaure shi a bayanta da waya. Kika roƙi Ummanki irin kuɓewa. Kika sanar da duk yaran layinmu cewa ranar Asabar za a yi huɗa a bayan gidan tela.

Asabar ɗin ta faɗo ana gab da Babbar Salla. Kin san yadda shago yake a irin wannan lokaci. Ɗinki ya taru har rufi, wani mutum yana zaune a benci ya rantse ba zai tashi ba sai da rigarsa. Na ji muryarki daga bayan gida: "Baba, fito, za a fara!" Na ce ina zuwa. Kika sake kira, na ce bari in ƙarasa wuyan nan. Kika yi ta kira. Can sai na ji yara sun ɗauki sowa gaba ɗaya, har da tafi, har da guɗar Ummanki.

Mai rigar ya dube ni ya ce, "Malam, ba 'yarka ce ke kira ba? Tashi ka je mana, rigar ba guduwa za ta yi ba."

Na fita da tef a wuya. Na tarar kin riga kin ja layin farko. Ga shi nan siriri, miƙaƙƙe, daga gindin zogale har bakin rijiya. Na ga na biyu, na ga sauran, na yi tafi har tafin hannuna ya yi zafi, na ɗaga ki sama. Amma na farkon ban gani ba. Ummanki ta ce da garmar ta kama ƙasa kin waiwayo kina duba ƙofa. Rigar nan na manta launinta, na manta mai ita. Waiwayen nan da ban gani ba kuwa har yau ina ganinsa.

Aiki ba ya ƙarewa, Mamana. Ke mai naci ce, kin gaji hakan daga wurina, kuma ina jin tsoron ki gaji sauran. Idan abokan zamanki suka kira ki wani abin farin ciki, suna ko biki ko cin abinci kawai, ki wanke hannu ki je. In Ummanki ta buga waya kina tsakiyar aiki, ki ɗauka, ko da gaisuwa ce kawai. In Allah Ya ba ki naki iyalin, kika ji an ce "fito ki gani," ki fita a kiran farko.

Kuɓewar ta fito, kin tuna? Ba duka ba, kaji sun yi nasu rabon. Amma wadda ta tsira ta yi 'ya'ya. Ummanki ta yi miya da ita, muka zuba a kwanon sha da malmalar tuwon shinkafa muka kai Kpakungu. Oga Yohanna ya wanke hannu ya zauna a kan bencin aikinsa, ya kai loma, ya lumshe ido. Ya ce, "Injiniya, na ci kuɓewa a Kafanchan, na ci a Minna, amma ban taɓa cin wadda tarakta ya noma ba sai yau." Ya suɗe kwanon tas. Kina tsaye kin harɗe hannu a baya, kamar mai gonar da ta ciyar da gari.

Ban taɓa jin daɗin abinci kamar na ranar ba, alhali ko loma ban samu ba, ya cinye.

To, biro ya fara gajiya, ni ma yatsuna sun fi sabawa da allura. Saura roƙo ɗaya. Na san wata rana, ba da daɗewa ba in sha Allahu, za a kawo muku wata babbar tarakta da ta mutu, ki kwance ta, ki gano ciwonta, ki ɗaure ta da hannunki. Idan kin zo tayar da ita, ki buga mini waya tukuna. Ba sai kin yi dogon bayani ba, ba zan gane ba. Ki kara wayar a jikin injin kawai, ki murɗa makulli. Zan tsayar da keke, in sa kowa a shagon ya yi shiru, in ƙure muryar wayar, duk layin nan ya ji.

Ummanki tana gaishe ki, ko da yake ita ce za ta raka ki tasha, kuma na san kafin ki karanta wannan ta riga ta jiƙa mayafinta. Oga Yohanna da Maman Rifkatu sun ce za su sa ki a addu'a. Ni kuwa na yafe miki duk abin da kika yi mini, wanda na sani da wanda ban sani ba, ke ma ki yafe wa tsohon telanki.

Allah Ya yi miki albarka, Ya sa albarka a hannuwanki. Ya tsare gabanki da bayanki, Ya kare ki daga sharrin ƙarfe da na wuta da na baki. Ya ba ki abokan aiki masu amana da maƙwabta masu tausayi. Ya sa ki kwana lafiya ki tashi lafiya a garin da ba ki san kowa ba, Ya kuma dawo mana da ke muna raye, muna masu alfahari. Amin summa amin.

Wassalam.

Ni ne naki,
Babanki.